Yadda Za Ka Gane Ko Wajibi Ne Ka Bayyana Kuɗin Shigarka Ga Hukumar Haraji

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne. Shekara arba'in ke nan yana bin kasuwannin ƙauye yana sayen gero da dawa da wake, yana kawowa cikin Katsina. Da ya tashi neman takardar mallakar wani fili da ya saya a bayan gari, cikin takardun da aka ce ya haɗo har da shaidar biyan haraji ta shekara uku. Bayan la'asar ya aiko yaro ya kira ni. Na same shi zaune kan buhun wake, ya tura hula ƙeya, takardar na hannunsa a nannaɗe.

"Kai da ka yi boko, mi ya haɗa ni da haraji? Ba Balarabe Musa ya soke shi ba tun muna samari?"

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, wancan daban, wannan daban."

Yana da gaskiya ta wani gefen. A 1979, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, gwamnatin Balarabe Musa ta soke harajin kai da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Wancan haraji ne da ake ɗora wa kowane magidanci ko ya samu ko bai samu ba, mai unguwa da dagaci su bi gida-gida suna karɓa. Wanda ake magana a kai yanzu kuwa a kan samu yake: gwargwadon abin da ya shigo maka a shekara, gwargwadon abin da za ka bayar. Ya daɗe a dokar ƙasa, sai dai an yi masa sabon zubi cikin dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda biyu daga cikinsu, dokar haraji da dokar gudanar da haraji, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026.

Abin da na fi so ya zauna maka a kai kafin mu shiga matakai shi ne wannan. Biyan haraji da bayyana kuɗin shiga abu biyu ne. Biya shi ne ka fitar da kuɗi. Bayyanawa ita ce ka cike fom sau ɗaya a shekara, ka gaya wa hukuma abin da ka samu bara da inda ya fito, ba tare da ta aiko maka da takarda ba. Mutum na iya zama ko kwabo ba a bin sa, amma bayyanawar tana wuyansa. Wani kuma ana yanke masa haraji duk wata a albashi, yana ganin ya sauke nauyi, alhali da saura. Mutanenmu da yawa a nan suke yin tuntuɓe, kuma tarar da ke bayan rashin bayyanawa takan fi harajin kansa ciwo.

Mataki na farko: kana da hanyar samu ta kanka?

Wannan ita ce tambayar da ke raba gardama. Dokar gudanar da haraji ta 2025 ta ɗora bayyanawa a kan duk wanda yake wani aiki ko sana'a ko kasuwanci da ke kawo masa kuɗi, ko yake cin moriyar wata kadara, kuma ta faɗa ƙarara cewa ko da lissafinsa bai kai ya biya komai ba. Ke nan ma'aikaci yana ciki, ɗan kasuwa yana ciki, tela da makaniki da mai POS da mai ba da hayar shago suna ciki, manomin da ke noma don sayarwa yana ciki, matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp daga cikin ɗakinta ita ma tana ciki.

Ɗalibin da iyaye ke ɗawainiya da shi, da matar gidan da ba ta wata sana'a, da dattijon da 'ya'ya ke ciyarwa, waɗannan ba su da abin da za su bayyana. In kana cikinsu, maganarka ta ƙare a nan.

Mataki na biyu: ware abin da kuɗin shiga ne da wanda ba shi ba

A nan zan daɗe, domin a nan tsoro ya fi yawa. Tun da aka fara maganar sabuwar doka nake jin mutane a majalisa suna cewa duk alat ɗin da ya shigo waya gwamnati za ta yanki kasonta. Ba haka ba ne. Shigar kuɗi asusu ba ta mayar da su kuɗin shiga. Abin dubawa shi ne dalilin shigarsu.

Ɗauki takardar bayanan asusunka ta banki ta shekara guda, daga Janairu zuwa Disamba, da biro kala biyu. Da kala ɗaya ka ja layi ƙarƙashin abin da guminka ko dukiyarka suka jawo: albashi da alawus, cinikin kaya, kuɗin aikin hannu, kuɗin haya da aka biya ka, la'adar dillanci, kuɗin kwangila. Ribar da ka ci a sayar da fili ko gida ma sabuwar doka ta haɗa ta da sauran samu, ko da yake akwai sassauci ga gidan da kake zaune ciki da motar hawanka.

Da ɗaya kalar ka ja layi a kan abin da ba samu ba ne. Kyautar da ɗan'uwa ya yi maka. Gadon da aka raba aka ba ka. Bashin da ka ranta, ko wanda ka ba wani ya dawo maka da shi. Kwasar adashi, tunda kuɗinka ne da ka zuba suka dawo. Gudummawar biki ko suna. Kuɗin da ka tura daga wannan asusun naka zuwa wancan. Sai kuma babba a wajen mutanenmu, kuɗin amana: abokinka na Legas ya turo maka naira miliyan 3 ka saya masa shanu a kasuwar Mai'aduwa, ka saya ka loda a mota. A cikin miliyan ukun nan, la'adarka kaɗai ce taka, ita kaɗai za ka bayyana.

Gado da kyauta ba a ɗora musu wannan haraji, amma abin da suka haifa daga baya ana ɗora masa. In ka gaji shaguna biyu a Ƙofar Ƙaura, shagunan ba samu ba ne, hayar da kake karɓa duk shekara kuwa samu ce. Haka fansho da garatuti: doka ta keɓe su, ba a taɓa su, amma tsohon ma'aikacin da ya zuba garatutinsa a kiwon kaji, ribar kajin tana cikin lissafi.

Shawarata a nan, kuma ina bayar da ita da ƙarfi, ka raba asusun kasuwa da na cefanen gida. Duk wanda zai turo maka kuɗi ka roƙe shi ya rubuta dalili a wurin da aka tanada: "bashi", "gudummawa", "kuɗin shanu". Kalma biyu ce, amma ranar da aka tambaye ka ita za ta yi maka shaida.

Wani malami ya taɓa ce mini ai shi yana fitar da zakka duk shekara. Allah ya karɓa, amma lissafinsu ba ɗaya ba ne. Zakka tana kan dukiyar da ta kai nisabi ta shekara a hannunka, haraji yana kan abin da ya shigo cikin shekarar. Fitar da ɗaya ba ya ɗauke ɗayan.

Mataki na uku: wace hukuma ce taka?

Harajin mutum ɗaiɗai na jiha ne, kuma jihar da kake zaune, ba jiharka ta asali ba. Wanda ke zaune a Katsina ko Daura ko Funtuwa, nasa yana wajen Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Katsina. Malamin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, duk da albashinsa daga Abuja yake fitowa, in a jihar nan yake zaune harajinsa na Katsina ne. Ɗan Daura da ke aiki a Kano, yana da ɗaki a can, sai ƙarshen mako yake zuwa ganin iyali, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a duba mazaunin da ya fi kusa da wurin aikinsa a ranar 1 ga Janairu, don haka nasa na Kano ne. Sojoji da 'yan sanda da jami'an diflomasiyya, su al'amarinsu yana hannun hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu ta koma NRS.

Mu da ke bakin iyaka akwai ƙarin magana. Ba sai kana ɗan Najeriya doka ke ɗaukar ka mazauni ba. Ɗan Maraɗi da ya kafa shago a Jibiya, ya yi kwana 183 ko fiye a ƙasar nan cikin wata goma sha biyu, mazauni ne. Kuma mazauni ana lissafa masa samunsa ko daga ina ya fito. Saurayin da ke zaune gidan mahaifinsa a Ƙofar Marusa, yana yi wa wani kamfanin Amurka aiki ta intanet ana biyan sa da dala, wajibi ne ya bayyana, har ya fi ma'aikacin gwamnati bukatar hakan, don shi babu mai yanke masa komai daga tushe. In an riga an cire masa haraji a can, ya ajiye shaidar, doka ta tanadi a rage masa ita don kada a yi masa yanka biyu.

Wanda ke aiki a Saudiyya yana turo wa mahaifiyarsa kuɗin cefane, abin da ya shigo hannun tsohuwar kyauta ce. Shi kansa kuwa, sabuwar doka ba kwanaki kaɗai take ƙirgawa ba, tana duba ko yana da gida na dindindin da iyali da harkoki a nan. Irin wannan in ya zo hutu ya ɗauki takardun aikinsa ya je ofis a tantance matsayinsa.

Mataki na huɗu: ta wace hanya kake samu?

Mai albashi shi ne ya fi sakin jiki. Ma'aikatarsa tana yanke haraji duk wata a tsarin da ake kira PAYE, ta kai wa hukuma kafin 10 ga watan da ke biye, sannan kafin 31 ga Janairu ta miƙa jerin ma'aikatanta da abin da ta biya kowa bara. Mutane da yawa suna ɗauka wannan ya wadatar. Dokar ta ce duk da haka shi ma ma'aikacin ya bayyana nasa, ya haɗa da albashin da duk wani samu na gefe. Ma'aikatarka albashinka kaɗai ta sani. Ba ta san gonarka ba, ba ta san keke napep ɗin da ka ba yaro yana kawo maka balas ba, kuma sau da yawa ba ta san kana biyan haya ba, wanda shi rangwame ne a gare ka. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 a wata, doka ta yafe masa haraji a kan albashin.

Mai sana'ar kansa, irin kawu, shi ne zai yi wa kansa lissafi ya kai. Ko ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, an rubuta masa suna a allon shago, ribar tasa ce a matsayinsa na mutum, jiha zai kai wa.

Kamfanin da ake rubuta Ltd a ƙarshen sunansa shi doka ta ɗauke shi mutum mai zaman kansa. Nasa lissafin NRS yake kai wa, cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa. Amma albashin da mai kamfanin yake ɗauka daga ciki, wannan nasa ne, zai bayyana wa jiha. Na ga masu kamfani da suka yi ɗaya suka manta ɗayan.

Mataki na biyar: yi lissafin da kanka kafin ka je

Ba sai ka ɗauki akanta ba in harkarka ba ta da rassa. Ga yadda dokar ta tsara daga 2026. Bayan an cire abin da ya halatta a cire, naira 800,000 na farko a shekara ba a karɓar komai a kansu. Daga nan zuwa miliyan 3, kashi 15 cikin ɗari. Daga miliyan 3 zuwa miliyan 12, kashi 18. Daga 12 zuwa 25, kashi 21. Daga 25 zuwa 50, kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50, kashi 25. Kowane kaso a kan yankinsa kawai yake hawa, kamar matakalar bene. Wanda ya samu 900,000 ba a kan dukkansu za a ɗora kashi 15 ba, a kan 100,000 ɗin da suka ɗoru ne, wato naira 15,000 a shekara.

Abin da ake cirewa kafin lissafi: kuɗin fansho da ake yanke wa ma'aikaci, gudummawar asusun gidaje na ƙasa, kuɗin inshorar lafiya, kuɗin inshorar rai, kuɗin ruwan bashin gina gidan da kake ciki, sai rangwamen haya, wanda shi ne kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da ka biya a shekara, amma ba ya wuce naira 500,000.

Da kawu muka zauna da litattafansa, irin masu bangon kwali da ake sayarwa a bakin kasuwa, wasu shafukan da ajami. Na kwana biyu ina harhaɗawa. Bari in zagaye alƙaluman don su yi sauƙin bi. Cinikin shekara naira miliyan 18. Da ya ji adadin sai ya dafe kai, don a ganinsa a kan wannan za a yanka. Na ce ya dakata. Kuɗin sayen hatsin da ya sayar, miliyan 14 da dubu 500. Mota da dako da lodi, 900,000. Hayar shago da sito, 300,000. Yaran shago biyu, 720,000. Buhuna da maganin ƙwari da kuɗin kasuwa, 180,000. Jimillar abin da ya fita, miliyan 16 da dubu 600. Ribar da ta rage, miliyan 1 da dubu 400. A sabon ma'auni, cire 800,000 saura 600,000, kashi 15 nasu naira 90,000 ke nan a shekara. Gidansa nasa ne, don haka babu rangwamen haya.

Da za a ɗauki miliyan 18 ɗin nan duka a matsayin samu, abin da zai fito ya haura naira miliyan 3 da dubu 200. Tazarar da ke tsakanin 90,000 da wannan adadi, waɗancan litattafan masu bangon kwali ne suka cike ta. Wanda ba ya rubutu, hukuma tana da ikon ta yi masa ƙiyasi da nata ganin, kuma ƙiyasi bai san buhunan da ƙwari suka ɓata ba, bai san bashin da aka cinye maka ba.

Abu ɗaya da kawu ya so ya saka na hana: cefanen gida da kuɗin makarantar jikoki da ragon layya. Waɗannan ba hidimar kasuwa ba ne, ba a cire su.

Sai ƙanwata, ma'aikaciyar asibiti ce, kuma tana sayar da atamfa da leshi. Mu ce albashinta 150,000 a wata, miliyan 1 da dubu 800 a shekara. Kashi 8 na fansho, 144,000. A kan abin da ya rage ma'aikatarta ta yanke mata 128,400 a shekara. Da na kawo mata maganar sai ta ce, "Yaya, ni da ake cire mini tun kafin in ga kuɗin, mi kuma ya rage?" Na ce ta ɗauko littafin atamfa. Ribar shekara 600,000. Ita ke biyan hayar gidan da take ciki, 300,000, rangwamenta 60,000. Haɗa albashi da riba, miliyan 2 da dubu 400. Cire fansho da rangwamen haya, saura 2,196,000. Cire 800,000, saura 1,396,000. Kashi 15 nasu 209,400. An riga an karɓi 128,400, cikon da za ta yi 81,000. Da ba ta sana'ar gefe, bayyanawar nan ita za ta nuna an yanke mata fiye da ƙima da naira 9,000, saboda hayar da ma'aikatarta ba ta lissafa ba.

Mai shayin bakin layinmu kuwa, in ribarsa ta shekara ta tsaya a 700,000, babu abin da zai biya. Amma shi ma hanyar samu gare shi, fom ɗin yana kansa. Kuma ina ganin amfaninsa ne ya cike, don ranar da zai nemi wani tallafi ko rance ko takardar fili aka ce ya kawo shaidar haraji, yana da tarihi a rubuce, ba sai ya fara rarrafe ba.

In wani kamfani ko ma'aikata suna haya a gininka, sukan riƙe kashi 10 na kuɗin hayar su kai wa hukuma da sunanka. Haka masu kwangila, ana riƙe musu wani kaso tun daga tushe. Wannan ba asara ba ce, biyan gaba ne. Ka bi su ba ka rasit ɗin abin da suka riƙe, a cire maka shi daga jimillar da ta fito.

Mataki na shida: lokaci

Ranar ƙarshe ita ce 31 ga Maris ta kowace shekara, kuma samun shekarar da ta gabata ake bayyanawa. Albashin da ka ɗauka daga Janairu zuwa Disambar 2026, kafin 31 ga Maris na 2027 za ka kai bayaninsa. Wanda ya bari ta wuce, tarar watan farko naira 100,000 ce, kowane wata bayan nan 50,000. Wato kawu, da harajinsa na shekara 90,000, in ya yi sakaci wata uku tara kaɗai ta zama 200,000. Rashin yin rajista da hukuma tun farko shi ma da tasa tarar, 50,000 a watan farko, 25,000 a kowane wata da ya biyo.

Kada ka jira makon ƙarshe na Maris. Fara tattara takardu tun cikin sanyin Janairu, ka kai a Fabrairu lokacin da layi bai yi tsawo ba.

Mataki na bakwai: haɗa takardu ka kai

Farko lambar shaidar mai biyan haraji. Yanzu an ɗaure ta da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, don haka ka tabbata sunan da ke kan NIN ɗinka ya yi daidai da na banki. Irin matsalar nan ta Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan uba ya koma tsakiya, ita ke cinye wa mutane kwanaki. Gyara ta tun da wuri.

Sai ka haɗa takardun albashi na wata goma sha biyu in kana aiki, takardar bayanan asusu daga kowane bankin da kake hulɗa da shi, taƙaitaccen lissafin kasuwa a shafi ɗaya mai nuna ciniki da abin da ya fita da riba, rasit ɗin haya ko takardar yarjejeniya da mai gida, shaidar fansho da inshora, da rasit ɗin duk abin da aka riƙe maka daga tushe. Maganar haya ka kula da ita: mu nan an saba a miƙa wa mai gida kuɗi hannu da hannu a gaban shaida ɗaya, a yi addu'a a tashi. Rangwamen ba ya samuwa sai da bayanin abin da ka biya. Ka roƙe shi ya rubuta maka ko a takardar littafi ce, da kwanan wata da sa hannu, ko ka biya ta banki.

Je ofishin hukumar mafi kusa da kai ka nemi fom ɗin bayyana kuɗin shiga na mutum ɗaya. Cike kowace hanyar samu a gurbinta, ka sa hannu da kanka, don duk abin da ke ciki kai ke da alhakinsa ko da wani ya rubuta maka. Ka yi hoton kowane shafi da waya kafin ka miƙa, kuma kada ka tashi sai an buga maka tambari da kwanan wata a kwafinka. Kuɗin da ya fito ka biya ta banki cikin asusun gwamnati, ka karɓi rasit mai sunanka.

Wannan na ƙarshen ina nanata shi ne saboda abin da ya sami kawu kafin ya kira ni. Wani mai kai-da-kawo ya same shi a shago, ya ce ya ba shi naira 60,000 zai kawo masa takardar shaida cikin kwana biyu ba sai ya taka ko'ina ba. Ya kawo kuwa, da tambari da komai. Da aka duba lambar, babu ita a ko'ina. Kuɗi sun tafi, kuma da an matsa, shi da ya gabatar da takardar za a tuhuma. Takardar shaida ta gaskiya tana nuna samunka da abin da ka biya na shekara uku da suka wuce, daga cikin fom ɗin da ka cike take fitowa. Ita ake nema wajen kwangilar gwamnati, da takardar mallakar fili, da tsayawa takara.

Bayan ka miƙa, hukuma na iya yarda da lissafinka, tana iya kuma aiko maka da nata. In nata ya zo ka ga ya yi yawa, kada ka cusa takardar ƙarƙashin tabarma ka ce Allah ya isa. Kana da kwana 30 daga ranar da ta iso hannunka ka rubuta ƙorafi, ka faɗi adadin da ba ka yarda da shi ba da dalilinka, ka liƙa hujjoji. In ka yi shiru kwanakin suka cika, adadin ya zauna. In kun kasa daidaitawa akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ta shiyyar Arewa maso Yamma take zama a Kaduna, sannan sabuwar doka ta kafa ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji.

Takardun da ka yi amfani da su kuma ka adana su aƙalla shekara shida, domin ana iya waiwayar lissafin baya. Kawu yanzu kowace shekara da ambulan ɗinta, ya ɗaure da roba ya rubuta shekarar a baya, suna cikin akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gona. Litattafan ciniki kuma ya ƙara musu gurbi ɗaya a gefen dama, inda babban yaron shagon ke rubuta kuɗin mota da na dako a ranar da aka biya su.